Bas Ɗin Masu Ƙugi

A gidan Encik Baharom da ke Johor Bahru, shinkafar kwakwa ta huce a faranti babu mai taɓa ta, don maigida ya miƙe yana jawabi. In ya fara jawabi kuwa, ko kyanwar gidan neman wuri take ta zauna.

Shi injiniya ne, ya yi furfura a taron da masu aikin intanet ke yi don tsara ƙa'idojin da na'urorin duniya za su bi su fahimci juna. Taro ne marar sarki, marar ƙuri'a. Kowa na iya shiga, kowa na iya tashi gaban makirfon ya ce, "Wannan ba daidai ba ne." In an zo yanke magana, masu goyon baya su rufe baki su yi "hmmm", masu ƙi su yi nasu, shugaban zama ya saurara. Manyan masana fa, suna ƙugi kamar ƙudan zuma!

"Bana a Singapore za a yi, tsallaken gada kawai," in ji shi. "Daftarina zai shiga, na yadda firji da fitila da makullin ƙofa za su riƙa magana da juna. Na ɗauki hayar bas. Duk dangi za su je su yi mini ƙugi!"

'Yarsa Izzati ta saci kallon Hazwan, saurayin da aka riga aka sa musu zobe. Shi ma injiniya ne, kuma ta ga ya ajiye cokali.

"Pak Cik," wato Kawu, ya ce wa maigida a hankali, "akwai 'yar kafa a daftarin. Ɓarawo na iya yin shigar firji ya ce wa makulli ya buɗe, shi kuwa makullin ba ya tambayar..."

"Firji ɓarawo! Ku ji yaro! Ina wannan aiki tun ba ka san hanyar bakinka ba!"

A bakin ƙofa, yana saka takalmi, Izzati ta tsare Hazwan, wanda take kira Abang Wan, wato Yaya Wan.

"Abang Wan, don Allah. Ƙugi ne fa kawai, baki a rufe. Ka yi wa Abah, mahaifina ne fa, bayan biki sai ku gyara."

"Sori, Zati. Abin nan zai shiga ƙofofin mutanen da ba su san sunanmu ba. Har da tamu."

"To ƙofar ta aure ka!" Ta shige tana hawaye.

Ranar taro bas ta cika maƙil. Mak Long, babbar yayar maigida, ita ce kwamanda, ga ledar alawar kwakwa a hannunta. Da yake dangi ba sa jin Turancin injiniyoyi, aka ɗora wa Izzati aiki: in ta taɓa ɗankwalinta, a saki ƙugi.

Shugaban zaman wani dattijo ne mai farin gemu da gajeren wando. Da Encik Baharom ya gama bayani, dattijon ya ce masu goyon baya su yi. Izzati ta taɓa ɗankwali.

Jama'a! An ce ruwan kofuna sai da ya yi rawa, na ɗakin gaba suka shige ƙarƙashin tebur sun zaci girgizar ƙasa ce.

"Masu ƙi fa?" in ji dattijon.

A daidai nan iskar na'urar sanyi ta zame wa Izzati ɗankwali. Hannunta ya kai ya gyara, kafin ta tuna. Mak Long ta lumshe ido ta ja runduna, suka saki ƙugin da ya ninka na farko!

Sai wani can baya ya shaƙe da dariya. Dattijon ya shafa gemu.

"Wanda ya karanta daftarin ya ɗaga hannu."

Hannaye 'yan kaɗan suka tashi, har da na Hazwan. Daga sahun dangi ko ɗaya babu. Mak Long ta miƙa wa Baturen kusa da ita alawa.

"Muna murna da baƙi," in ji dattijon. "Sai dai a nan ba ƙarfin murya muke aunawa ba. Ko mutum ɗaya ne ke da ƙorafin da ba a amsa ba, magana ba ta ƙare ba. Akwai mai shi?"

Hazwan ya tashi. Ya faɗi sunansa, ya faɗi maganar firji, idonsa a ƙasa. Wata mata ta gwada a kwamfutarta nan take, ta ɗago ta ce, "Ƙofar ta buɗe." Izzati ta ji da ma kafet ɗin ya naɗe ta.

Aka hau bas aka haye gada. Suna shiga gida Encik Baharom ya ce, "A mayar masa da zobensa! Ya tsinka ni a gaban duniya!"

Izzati ta yi kuka har idonta ya kumbura. Amma duk lokacin da ta so ta ji haushin Hazwan, sai ɗankwalin nan ya faɗo mata a rai. Shi kuwa Hazwan aiki ya kama. A zauren imel na taron, inda kowa ke karantawa, ya riƙa kawo gyara, kullum yana farawa da, "Tsarin Encik Baharom mai kyau ne, ga abin da ya rage."

Wata safiya ta kai wa mahaifinta shayi, ta durƙusa.

"Abah, ba shi ya kunyata mu ba. Mu muka ɗauki bas. Duk cikinmu masu cewa muna ƙaunarka, wa ya karanta aikinka daga farko har ƙarshe? Ni ban karanta ba. Shi kaɗai ne."

Tsoho ya daɗe yana juya cokali. "Tashi ki ba ni wuri," ya ce. Amma ta ga ya jawo kwamfuta.

Watanni suka yi suna kai ruwa rana a zauren nan, shi da yaron, har makulli ya koyi tambayar firji shaida. A taro na gaba daftarin ya wuce da ɗan ƙugi siriri, na waɗanda suka karanta, ɗauke da sunaye biyu.

Da ya dawo ya tara dangi, ya sa aka kira Hazwan. Ya yi gyaran murya, kunnuwansa sun yi ja.

"Masu goyon bayan a mayar wa yaron nan... a mayar wa Zati zobenta, ku yi."

Mak Long ta yi ƙugin da ya kori kyanwa ta taga.

"Masu ƙi fa?"

Izzati ta zauna a kan hannayenta duka biyu. Ko tari ba a ji ba.

To, 'yan mata, ku riƙe wannan: wanda ya faɗa wa naku gaskiya cikin ladabi, ya kuma tsaya a gyara da shi, ya fi bas guda na masu ƙugi ƙaunar ku. Ku yi haƙuri da shi. Kuma in za ku shiga ɗakin sanyi, ku ɗaure ɗankwali da kyau.