Kunyar Da Ta Kusa Cin Ran Jiddah

"Kai, Jiddah akwai kunya!" in ji Hajiya Madina, tana dama kunun kanwa a tsakar gidanta da ke unguwar Briqueterie. "Ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi. Haka 'yar mutunci take!"

'Yan barka suka rangaɗa guɗa. Ɗan Hajiya Nu'man kuwa, mijin Jiddah, ko murmushi bai yi ba. Tun da cikin ya tsufa ƙafafun Jiddah suka kumbura, kanta na sara, Hajiya na cewa haka kowace mace ta yi.

Ya shiga ɗaki, ya miƙa wa Jiddah jaririn. Sai ta miƙa hannuwa wajen bango!

Innalillahi!

"Jiddah, ina nake tsaye?"

Ta fashe da kuka. "Yaya, tun safe duhu nake gani. Nauyin Hajiya ya hana ni faɗa."

Ba ta rufe baki ba jikinta ya hau jijjiga, idanu suka kakkafe. Ya sungume ta.

Hajiya ta tare ƙofa. "Maijego a titi kafin suna? Iska ce, a kawo hayaƙi! In ka fita da ita, ba da yawuna ba!"

Yaron da bai taɓa yi mata musu ba, wallahi ko a kan gishirin miya! Yana hawaye ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Fushinki zan iya zuwa in ba da haƙuri. Kabari fa?" Ya raɓa ta ya fice, yana ƙwala wa mai taksi kira.

A asibiti likita ta riƙe baki da ta auna ta. "Tansiyo ce tun tana da ciki, hawan jini. Ya kumbura mata bayan ƙwaƙwalwa, inda gani yake. In jinin ya sauka, ana warkewa. Da kun ƙara jinkiri kam..."

Nu'man ya jure jinya, ya jure shirun mahaifiyarsa, kullum sai ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Ranar da ganin Jiddah ya dawo, sai ga Hajiya da jariri a kafaɗa, jiki a sanyaye. Jiddah ta yi maza ta sunkuyar da kai.

Hajiya ta ɗago haɓarta. "A'a! Kunyar da ta sa aka ɓoye ciwo ba tarbiyya ba ce, ni na koya miki, na kusa kashe ki. Kalle shi, 'yata. Don Allah kalle shi in gani."

Jiddah ta kalli ɗanta, ta daɗe tana kallo.