Kaskon Kaka

Auta tana suyar kifi a kicin, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, sai surukarta ta leƙo. Mama ta zo musu hutu ne, kuma tun da ta sauka babu lungun gidan da bai sha bincike ba.

"Innalillahi! A wannan baƙin abin kike dafa wa ɗana abinci?"

"Kaskon kakata ne, Mama. Shi ne gadona. Ƙarfe ne na da, ko ƙwai kika fasa ba ya kamawa."

"Gado ko dauɗa? Ga tukwane masu ƙyalli a kabad, sai wannan? Ɗan gwangwan na zuwa zan miƙa masa!"

Auta ta yi murmushi kawai, ta ja kaskon kusa da ita. Kaka ce ta raine ta, kuma kaskon nan kaɗai ya rage mata daga gare ta.

Shi kuwa maigidan, bawan Allah, ya shiga tsaka-mai-wuya. Yana son matarsa kamar ransa, yana kuma tsoron ɓacin ran mahaifiyarsa. Sai ya yi dabara irin ta mazan da ba su san kicin ba. Auta na fita aiki ya ɗauko soson ƙarfe da omo, ya dirji kaskon har ya yi fari fat, sannan ya jiƙa shi a baho ya ɓoye bayan ƙofa, wai zai ba ta mamaki.

Mamaki kam an sha shi. Ranar da ya fito da kaskon, tsatsa ta cinye shi jawur.

Auta ta durƙusa ta shafa shi, hawaye na zuba.

"Yaya, me ka yi? Baƙin nan ba dauɗa ba ce. Mai ne da wuta ta gasa a jikinsa, shekara da shekaru na girkin Kaka. Hannunta ka kankare."

"Sori, wallahi sori! So na yi Mama ta ga ya fita ta bar miki shi."

"To ai yanzu sai bola," in ji Mama daga falo.

Maganganu sun cika wa Auta baki, masu zafi kuwa, amma ta haɗiye su. Ta ga idon mijinta ya kaɗa, ta san ƙauna ce ta sa shi wannan wautar.

"Tashi ka hura gawayi," ta ce. "Ƙarfe ne, bai mutu ba."

Suka zauna a tsakar gida. Ta goge tsatsar da gishiri, ta busar da kaskon a kan wuta, ta miƙa masa tsumma da kwalbar mai. Gogan naka ya kwarara mai kamar zai soya kaza. Hayaƙi ya turnuƙe, shi tari, ita dariya da guntun hawayenta.

Mama ta daɗe a bakin ƙofa tana kallonsu. Ta zaci za a yi rigima, a ce duk ita ta jawo, sai ga yarinya ko kallon banza ba ta yi mata ba. Sai ta tako wajensu.

"Kai, ba ni nan!" Ta fizge tsumman. "Haka ake yi? Ɗan kaɗan ake shafawa, a goge kamar ba a sa ba, a mayar wuta, a sake. Haka uwata take yi wa tukunyarta."

Ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta kama aiki, Auta na fifita wuta. Kafin hutun ya ƙare kaskon ya fara duhu, kuma Mama da kanta take cewa a soya mata dankali a ciki.

Ranar tafiyarta, har ta shiga mota ta sauke gilashi ta kira Auta.

"'Yata, ki goge shi da mai bayan kowane girki. Wannan kuma," ta nuna ɗanta, "kar ki bari ya ƙara taɓa mana kaskonmu!"

Auta ta yi dariya har da ƙwalla. Da ta biye wa zafin zuciya a ranar nan, da ta tsira da kaskon ta rasa zaman lafiyar gidanta. Haƙurin da ta yi ya bar mata kaskon, ya bar mata mijinta, ya kuma ƙara mata uwa.