Nauyin Yaran Malam Mamuda

Ranar da Muhammadu Lawal ya fara ganin Malama Asma'u, tana durƙushe a filin makaranta tana yi wa wata ɗaliba fifita da mayafinta. Yarinyar ta yanke jiki ta faɗi ne ana tsakiyar gudun safe. Shi kuwa daga Kazaure ya zo a kan babur da sikeli ɗaure a baya. Aikinsa auna nauyin 'yan makaranta duk wata, a ga ko sabon tsarin ciyarwa da motsa jiki da gwamnati ta kawo yana amfani.

Ya taimaka aka kai yarinyar inuwa. Da ta farfaɗo, Asma'u ta yi masa godiya. Tun daga nan zuwansa ƙauyen nan na kusa da Roni ya wuce sau ɗaya a wata. Har ya fara kiranta Ma'una, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Sai dai awon bai yi kyau ba. Wata uku a jere nauyin yaran na raguwa. Mahaifin Asma'u, Malam Mamuda, shi ne hedimasta, kuma makullin ɗakin abinci na hannunsa. Zamanin soja ne, kullum rediyo na karanto sunayen ma'aikatan da aka kora, wasu har da ɗauri.

Abu, ɗan ƙanwar Malam da ya daɗe yana son Asma'u, ya je ya ce wa kawunsa Lawal ya rubuta Kano cewa hedimasta na sayar da abincin yara. Malam ya hana Lawal ƙofar gidansa. Shi kansa Malam ya daina cin abinci sosai, in ya ji ƙarar mota sai ya miƙe tsaye.

Asma'u ta ba ƙawarta Saude takarda ta kai wa Lawal.

“Lawal, in gaskiya ne, da bakinka nake so na ji. Baba bai taɓa kawo ko cokali ɗaya gida ba. Tsoro nake ji.”

Amsa ta dawo washegari.

“Ma'una, ban ambaci sunan Baba ba. Amma ba zan canza abin da sikeli ya nuna ba, yaran nan ramewa suke yi. Ki ba ni sati biyu. Ni ma tsoron nake ji, kada na rasa ki.”

Ta karanta ta yi kuka, don ba amsar da ta so ba ce.

Lawal ya bi makarantun Babura da Gwiwa yana kwafe awon da abokan aikinsa suka yi. Bai san abin da zai tarar ba. In makarantar Malam ce kaɗai ke raguwa, to shi da hannunsa ya kai surukinsa ƙasa.

Kafin ya dawo, jami'ai biyu suka iso daga Kano don bincikar raguwar nauyin yaran. Aka zaunar da Malam a ofishinsa, Asma'u na tsaye bayan taga tana saurare. Ana cikin tambayoyi Lawal ya yi sallama, ya shimfiɗa takardunsa.

“Ranka ya daɗe, makarantu goma sha ɗaya ne, duk haka suke,” in ji shi. “Yaran cikin gari suna ƙara nauyi. Masu ramewar su ne masu tahowa daga rugage da nisan duniya. Su iso ba su karya ba, a sa su gudu, abinci kuma sai azahar.”

Babban jami'in ya daɗe yana duba takardun, sannan ya ce wa Malam ya koma bakin aikinsa. Bayan wata guda umarni ya zo: a fara ba yara koko kafin motsa jiki, masu zuwa daga nesa kuma a ɗauke musu gudu.

Malam da kansa ya aika aka kira Lawal. Ya ce ya saurari maganar da bai bincika ba, ya roƙi Lawal ya yafe masa, ya kuma ce ya turo magabatansa.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Kazaure, Malam ya dafa kanta.

“Na ba ki ga mutumin da bai yi ƙarya don ya same ki ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka.”

Asma'u ta amsa da amin a cikin mayafi, Lawal na tsaye a bakin zaure yana jiranta.