Jeren Ɗakin Zulaihatu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta taho mu ji ta, mun kasa kunne.

A shekarun da kuɗin fetur ya cika ƙasa, soja na kan mulki, wata rana Zulaihatu na zaune a tsakar gidansu a Ƙofar Kware, Innarta na yi mata kitso. Bikinta da Junaidu ya matso. Sai ga Gwaggo Iyatu, yayar mahaifinta, ta faɗo gidan mayafi na jan ƙasa.

"Kun ji abin da yaron ga Junaidu yay yi? Mun tai gidansa na unguwar Gidan Dahala ganin inda za mu yi jere, munka iske ɗaki cike! Kujeru, kafet, labule har ƙasa! Wai wata yaɗ ɗauko daga Kaduna, mai ƙawata gida!"

Inna ta saki mataji. Ai jere aikin dangin amarya ne, da shi ake sanin daga gidan mutunci ta fito. Tun ranar sunan Zulaihatu Inna ke tara kwanuka da tasoshi, ɗaya bayan ɗaya.

"Ya gaya ma Sakkwato duka ba mu iya yi ma ɗiyarmu ɗaki," in ji Gwaggo. "To ya auri kujerun! Ba a kai amarya!"

Zulaihatu ta shige ɗaki ta sha kuka, don tana son Junaidu so na gaske. Da la'asar ya faka motarsa Fijo, ta same shi a zaure idonta jawur.

"Haba Zulai! Safrayis na so in yi miki, bazata kawai," ya ce. "Dizayin ne na zamani, ba a cika ɗaki da kwano yanzu."

"Kwanon nan gumin Inna ne, Junaidu. Ka taɓa tambayata abin da nake so?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban yi tunani ba. Sori. In kwashe kayan?"

"A'a. Ka turo min mai ƙawata gidan ta zo gidanmu. Kai kuma ka zo ka durƙusa gaban Gwaggo."

Ya durƙusa kuwa, Gwaggo ta juya masa ƙeya. Sai Zulaihatu ta zauna kusa da ita. Ta yi ta dama mata fura, tana matsa mata ƙafa, har tsohuwar ta ce, "To, matar ta zo in ga idonta."

Washegari Malama Atika mai ƙawata gida ta iso, tef ɗin awo rataye a wuya. Ta tuɓe takalmi, ta gaida manya.

"Au, ashe tela ce!" in ji Gwaggo.

"Telar ɗaki ce, Gwaggo. Na ɗinka riga ban ga mai sawa ba, shi ya sa na zo."

Gwaggo ta danne dariya, ta sa aka buɗe ɗakin ajiya. Atika ta tsaya bakin ƙofa ta kasa shiga. Tasoshin tagulla sun sha gugar toka da lemun tsami suna ɗaukar ido, ga langa masu furanni, ga faya-fayai saƙar hannu, ga ƙoren da aka yi wa zane tun zamanin kakar Zulaihatu.

"Tabarakallah!" ta ce a hankali. "Na shirya gidaje da yawa, ban taɓa samun kaya irin waɗannan ba. Gwaggo, ku ne masu jere. Ni ku bar min bango da haske."

Aiki fa ba a yi shi da sanyi ba. Atika ta ce a rage kwanuka, Gwaggo ta ce ko murfi ba ya komawa gida. Gwaggo ta ce a jefar da labulen, Atika ta roƙi arziki aka bar shi. Kullum su koma wa Zulaihatu da ƙara, ita kuma ta ba kowa haƙuri.

Ranar kai amarya, rana na shirin faɗuwa, aka zaunar da ita bakin gado. Maimakon guɗa sai ta ji ɗakin ya yi tsit. Ta ɗaga mayafi kaɗan.

Subhanallahi! Atika ta sa kafinta ya yi kantoci daga ƙasa har rufi, ta shimfiɗa madubi a bayansu, daidai inda hasken taga ke faɗawa. Gwaggo kuwa ta jera kayan hawa-hawa, babba ɗauke da ƙarami. Kowace tasa ta zama biyu, bango duka yana ci kamar garwashi. Mata suka riƙe haɓa. Inna ta tsaya tana kallon wahalarta ta shekaru, hawaye na zuba, bakinta na motsi da godiyar Allah.

Sai Gwaggo ta rangaɗa guɗa har tagogi suka amsa. "A kira angon! Ya zo ya ga abin da ɗiyar Ƙofar Kware taz zo da shi!"

Junaidu ya leƙo, ya bi bangon da kallo. Can ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, na gode da kuka hana ni."

To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: kafin ka ƙawata wa mutum ɗaki, tambayi shi da mutanensa. Kuma da Zulaihatu ta yi fushi da ɓangare ɗaya, da ta rasa miji ko ta rasa dangi. Haƙurinta ya bar mata duka biyun.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na aje ta.