Kunkurun Da Ya Iya Iyo

Ƙarfe tara da 'yan mintuna wayar ofis ta yi ƙara: an tsinci gawar wani tsohon mai sayar da magani a bayan gidansa. Sufeto ya ajiye shayin da bai kai ga kurɓa ba, ya kira Saje suka fita. Shi dai Sufeto mutum ne da ba ya gaskata kowa kafin azahar, bayan azahar ma sai da dalili.

Gidan tsit, ko motsin tsuntsu babu. A bayansa akwai ɗan tafkin siminti da marigayin ke kiwon kifi, zurfinsa bai wuce ƙugu ba. Daga nan aka ciro shi, da rauni a ƙeya. Kujerarsa ta roba na gefe, a ƙasanta ga faranti cike da ganyen latas wanda ba a taɓa ba. Cikin ruwan kuwa wani kunkuru ne ke ta kewayawa, hankalinsa kwance.

Ɗan ƙanwar marigayin ne ya kira 'yan sanda. Tsohon ne ya raine shi tun yana rarrafe, shi ya sa maƙwabta ke ce masa Ɗan Gata, har yau da ya haura talatin.

"Me ka gani?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, kullum da safe Kawu yakan saka Alƙali a ruwa ya yi iyo, shi kuma ya zauna yana kallo."

"Wane ne Alƙali?"

"Kunkurun. Wai don ba ya gaggawar yanke hukunci. Yau ma na hango su ta taga, Mai Lambu na tsaye a bayan Kawu da shebur. Na shiga wanka, da na fito..." Ya rufe fuska da hannu biyu.

Sufeto ya lura kukan akwai sauti, amma babu ruwa.

Sun sami Mai Lambu a ɗakinsa na haya, tsoho ne siriri.

"Ban je aiki yau ba, ranka ya daɗe."

"To wandonka da ke jiƙe har gwiwa fa? Ruwan sama aka yi a ɗakinka?"

Tsohon ya durƙushe. Ya ce ya je, ya tarar da maigida kife a tafkin, ya shiga ya taɓa shi ya ji sanyi, tsoro ya sa ya gudo. Saje ya sa masa ankwa yana maimaita masa abin da Ɗan Gata ya faɗa.

"Iyo kuma?" Mai Lambu ya ɗago kai. "Shekarata ashirin a gidan nan. Alƙali ba ya shiga ruwa. Ko bakin tafkin maigida ba ya bari ya je."

Saje ya kwashe da dariya. "Baba, da idona na gan shi yana iyo kamar kifi. Nemi wata ƙaryar, wannan ta tsufa."

A ofis, shugabansu ya ce gobe da safe a kai fayil kotu. Tuhumar kisan kai ce, kuma tsoho irin wannan idan ya shiga gidan yari, gawarsa ce za ta fito. Sufeto ya san haka, abin ya tsaya masa a rai. Farantin latas ɗin nan ne ya hana shi sa hannu: wace dabba ce za ta ƙi abincin da ta shekara ashirin tana ci?

Ya koma gidan, ya sa aka kamo kunkurun a bokiti, ya ciro hoton marigayin da ke bangon falo, wanda yake rungume da Alƙali. Ya kai wa wata likitar dabbobi duka biyun.

Ta juya dabbar ta duba, ta ɗago tana harararsa. "Yallaɓai, wa ya ce maka wannan kunkuru ne? Kififiya ce. Dubi bayanta a shafe. Dubi ƙafafun, da fata tsakanin yatsu irin ta agwagwa. Kifi take ci da nama, ba ruwanta da latas."

"Na hoton fa?"

Ta matso da shi kusa da fitila, fuskarta ta canza. "Wannan na tudu ne. Ƙoƙon bayansa a tashe, ƙafafu kamar taɓare. Ka jefa shi a ruwa, nutsewa zai yi kamar dutse. Kuma ka ga zanen taurarin nan? Irinsa ya kusa ƙarewa. An hana sayar da shi, amma masu fasa-ƙwauri ko rai za su iya ɗauka a kansa."

"Sun riga sun ɗauka," in ji Sufeto.

Da la'asar ya dawo gidan, ya sa Saje ya taho da Mai Lambu. Ɗan Gata na tsaye jikin motarsa da makulli a hannu.

"Tafiya za ka yi, ba a binne kawunka ba?"

"Zan sanar da dangi ne, Yallaɓai."

Sufeto ya dire bokitin a gabansa. "Ciro mana Alƙali."

Ɗan Gata ya zura hannu, ya fizgo shi da ihu, jini na ɗiga daga yatsansa.

Mai Lambu ya leƙa bokitin. "Wannan ba Alƙali ba ne. Alƙali bai taɓa cizon kowa ba."

Daidai nan ne suka ji wani abu na ƙarzar kwali a hankali, daga cikin but ɗin motar. Saje ya karɓi makullin ya buɗe. Ga Alƙali nan a kwali, an naɗe da tef, zanen taurari a bayansa.

Nan Ɗan Gata ya fara bayani. "An yi mini tayi mai tsoka. Na sayo waccan wurin masu kamun kifi, na ce ai kunkuru kunkuru ne, kuma idon Kawu ya yi rauni. Ina ajiye ta, ta ruga ta faɗa ruwa. Kawu ko sau biyu bai kalle ta ba, ya ce, 'Ina ka kai mini Alƙali?' Ya riƙe mini riga, ya ce zai kira ku. Ture shi kawai na yi, wallahi, kansa ya bugi siminti."

"Sai ka bar shi a ruwa, ka ɗora wa tsohon da bai ci ba bai sha ba." Muryar Sufeto ta yi sanyi. "Shekara ashirin kuna gida ɗaya da dabbar nan, ko sau ɗaya ba ka tsaya ka kalli abin da kawunka yake so ba. Kama da wane ba ta wane."

Saje ya kwance ankwar daga hannun Mai Lambu, ya mayar da ita hannun Ɗan Gata, yana kauce wa idon tsohon saboda kunya.

Aka sauke Alƙali ƙasa. Ya fito da kai, ya kama hanya taku ɗaya-ɗaya, ya ratsa gaban Ɗan Gata, dole masu tafiya da shi suka tsaya ya wuce. Bai kalli farantin latas ba. Gaban kujerar roba ya je ya tsaya, ya miƙa wuya sama, yana jiran hannun da ya saba ciyar da shi.

Sufeto ya ga gawawwaki da yawa a aikinsa, amma wannan ne ya sa ya juya baya.

"Ku tafi da shi," ya ce, yana nuna Ɗan Gata.