Fuskar Inna Tambaya a Katangar Tasha

"Hoton Inna na ba ka ka gani, Sabiru, ban ce ka kai ta bakin titi ba..."

Wasila ce ke faɗa. Sabiru ya sunkuyar da kai a zauren gidan su Wasila na Bungudu, faratansa duk shuɗin fenti. Mutumin da ya iya zanen allo, ya iya katanga, har rinin kayan da za ta sa ranar bikinsu shi ya fitar da zanensa, yau ga shi ya kasa haɗa ido da ita.

"Masoyiyata, mace aka ce in zana da ƙwaryar nono bisa kai. Na zana huska bakwai ina gogewa, tata kaɗai ta zauna."

"Har da tsagar kumatunta? Wa zai gani bai gane ta ba?"

An kuwa gane. Shekara biyu da samun jiha, ana ta ƙawata Gusau, aka ba Sabiru katangar tasha ya zana. Direbobin Tsafe suka gani suka yaba, na Bungudu suka gani suka kawo labari har kunnen Malam Manu, mahaifin Wasila. Matarsa Inna Tambaya, wadda ta yi shekara talatin cikin kulle har ta koma ga Allah, ita ce yanzu 'yan acaba ke fakewa a inuwarta. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a shafe kafin Juma'a, ko a zo a ɗauki lefe.

"To ka shafe, ka maido min hotona."

Sabiru ya kau da kai.

"Gwangwanin fenti ya kihe bisa shi, Wasila... na goge da kananzir, huskar ta tahi."

Ta zame ta zauna a dakali. Hoton ke nan guda tak da Inna ta taɓa ɗauka a duniya. Ashe duk inda fuskar uwarta ta rage, katangar nan ce. Tana son Sabiru kamar ranta, amma a lokacin da za ta iya da ta mare shi.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya ce ta sa mayafi ta biyo shi, da idonsa zai ga an shafe. Suka shiga mota zuwa Gusau.

Sabiru na tsaye gindin tsani da bokitin farin fenti. Wasila ta ɗaga kai, sai ga Inna, tana murmushin nan nata na gefen baki. Hawaye suka ɓalle mata. Kalma ɗaya za ta faɗa Sabiru ya ajiye burushin, ta san haka, ta kuma san abin da za ta rasa.

"Shahe," ta ce da kyar.

Ya fara daga ƙwaryar. Farin ya ci goshi, ya gangaro.

"Dakata, yaro."

Baba ne. Ya matso har yana taka fenti, ya daɗe yana kallo, gemunsa na motsi.

"Idonta bai kai hakanga girma ba," ya ce a hankali. "Kuma tsagar hagu ukku ta, ba biyu ba."

"Na kuskure, Baba..."

"Ka kuskure ƙwarai. Ida shahewa." Ya goge ido da hannun riga. "In an ɗaura muku aure, ka taho da takarda ka zamna gabana, in gaya maka yadda take, ka zana. Wagga ta ɗakina ce, ba ta titi ba."

Wasila ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ba ta kalli sauran aikin ba.