Darasin Bunsuru

Nimra na zaune a tsakar gidansu a birnin Multan tana ɓare wake, kwano ya cika ba ta ma sani ba. Tun bazara aka ɗaura aurenta da Tabish, saura tarewa, sai ga uwarsa ta aiko wai kada a sa rana.

Darasi ne ya jawo. Nimra malamar Turanci ce a kwalejin 'yan mata. Ta koya wa ɗalibanta inda Turawa suka samo kalmominsu na sha'awa da batsa: daga gumakan Girkawa irin su Eros, da wani dodo wai shi satir, rabi mutum rabi bunsuru, mai farautar 'yan mata a daji. Wata 'yar gulma ta ɗauka a waya, ta yanke ƙarshen, ta watsa. Kafin la'asar dangin miji duk sun zama malaman tarbiyya, har waɗanda ko "kam" ba su sani ba a Turanci.

Tabish ya kira ta da saƙon uwarsa. "Ammi ta ce ko ki bar koyarwa ko in sake ki. Ni ba zan sake ki ba, ki ƙara haƙuri."

"To," ta ce. Kuka ma ta nema ta rasa. Haka ta yi ta zuwa aji tana dawowa, abinci ba ɗanɗano, magana sai dole.

Ran nan sai ga surukar da kanta, mayafi a karkace, Hoorain ƙanwar Tabish, ɗalibar Nimra, na biye da ita.

"'Yata, me kika ce wa ɗalibanki a ƙarshen darasin nan?"

"Cewa na yi bunsurun yanzu ba shi da ƙaho, Anti, riga yake sawa. Wadda ta haɗu da shi ta faɗa a gida."

Matar ta zube a gadon igiya. "Malamin da ke zuwa gida koya wa Hoorain lissafi... ni nake kai masa shayi, in ja musu ƙofa. Jiya ta faɗa min abin da yake mata. Ta ce ke kika ba ta bakin magana."

Hoorain ta ƙanƙame Nimra. Sai a lokacin hawayen da suka ƙi zuwa suka ɓalle mata.

"Anti, ni dai—"

"Ammi za ki ce. Kira min mahaifinki a sa rana."

Haƙurin Nimra bai faɗi ƙasa ba. Kiran mugun abu da sunansa ba fitsara ba ne. Shirun da muke kira kunya shi ke ja wa bunsuru ƙofa.